Shekarar da Malam Ya Ga Kogi Daga Sama

Shekara arba'in ke nan da rasuwar maigidana, Malam Isiyaku, mai zanen taswira a ofishin safiyo da ke nan Kaduna. Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, yau ma alƙalami ne ya kira mini. Malam nake ce masa, shi kuma ya ce Binta, yana ɗan jan sunan kamar wanda hankalinsa ke wani wuri.

A Mando muka yi zamanmu a shekarun saba'in, lokacin bayan gidanmu gonakin dawa ne har iyakar ganinka. Ni ina koyarwa a firamare, shi kuma yana hawa kekensa zuwa ofis. Duk farkon shekara akan raba musu dayari mai baƙin bango. Abokan aikinsa ranakun taro suke rubutawa a nasu. Shi kuwa sai ya ajiye nasa kwana da kwanaki bai taɓa ba, yana zagaye gida yana tunani, sannan wata rana bayan la'asar ya zauna gindin dalbejiya ya rubuta abu ɗaya tak a shafin farko: niyyarsa ta wannan shekara. Wata shekara koyon ɗinki ce, wata kuma haddace wata doguwar sura. Sauran shafukan nasa ne shi kaɗai. A kan taga yake barin littafin a buɗe, ban kuwa taɓa leƙawa ba.

Yanzu jikokina kan sanar da duniya niyyarsu ta shekara a waya tun kafin su fara. Nakan ce da Malam na nan, da ya yi murmushin nan nasa ya ce su bar ta ta ɗan kwana a zuci tukuna. Amma na san da ya karɓi wayar ya wuni da ita, don an ce tana nuna rufin kowane gida daga sama.

Sama ita ce abin da ya fi ɗauke masa hankali. Filin jirgi na kusa da mu, kuma duk jirgin da ya tashi sai ya bi shi da ido har ya shige gajimare, ko da lomar tuwo na hannunsa. Mutumin da ke zana titunan Unguwar Kanawa da lungunan Unguwar Shanu kamar shirwa ce ta ba shi labari, bai taɓa hawa abin da ya fi rufin ɗakinmu tsawo ba.

Sai ciwon ido ya fara masa. Da farko kofi yake ɓarar da shi a gefen tabarma, daga baya ya zo ya yi karo da akuya a kan keke. Likita ya ce ganinsa na ƙanƙancewa daga gefe zuwa tsakiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce mu je asibitin ido a Kano ko za a iya tsare abin da ya rage.

A shekarar ne ya fara karanta mini shafin farko da bakinsa. Ya ce, "Binta, saurara. In Allah ya yarda, bana zan ga Kaduna daga sama."

Na ce, "Malam, kamata ya yi ka rubuta samun lafiya."

Ya ce, "Wannan ba a hannuna take ba, addu'a ce. Abin da zan iya nake rubutawa."

Da damina aka ba mu ranar ganin likita, ya ce a jirgin sama za mu je. 'Yan'uwa suka ce ga jirgin ƙasa, ga mota, me zai kai mara lafiya sama? Bai yi musu da kowa ba. Ranar tafiya ya sa farar rigarsa ta salla, muka taka zuwa filin jirgi. Gari ya wayi a lumshe, hadari ya rufe ko'ina. Ni dai ba tsoron jirgi kaɗai ke damuna ba. Na san in bai gani yau ba, da wuya a sake.

Jirgi ya tashi, taga ta yi fari fat kamar an shafa mata alli. Malam ya manna goshinsa a gilashi. Na riƙe bakin rigarsa ina salati. Can jirgin ya karkata zai yi kwana, sai gajimaren ya yage kamar tsohon zane. Ga gari a shimfiɗe, kwanukan rufi na ƙyalli, layin dogo ya miƙe siriri, itatuwa kore shar. Yana juya kai a hankali, don ganinsa ya koma kamar na mai leƙe ta kafar kara. Sai na ji kafaɗarsa na rawa. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce.

Ya ce, "Binta, dubi kogi! Shekara da shekaru ina shafa masa shuɗi a taswira, ashe ja ne."

Kafin in leƙa sosai gajimare ya rufe. Har muka sauka Kano bai ɗaga goshinsa daga tagar ba.

Magani ya jinkirta duhun, bai hana shi zuwa ba. Da aikin ofis ya gagara, wani abokinsa ya ci gaba da kawo masa dayari. Ranar nan ya miƙo mini littafin da alƙalami, ya ce in zauna. Na ce ai sirrinsa ne. Ya ce babu komai a ciki sai abin da ya gani kowace rana, yanzu kuwa ni ce zan riƙa gani, in faɗa masa, shi ya zaɓi kalmomin. Haka muka yi shekarunsa na ƙarshe. Bayan la'asar in ce masa dawa ta fitar da kai, ya ce wane irin kore, mai duhu ko mai ruwan ɗorawa? In na ce ban lura ba, ya ce koma ki duba. Ni da nake da ido biyu, makaho ne ya koya mini kallo.

Gonakin nan duk sun zama gidaje. Taswirorinsa ban san inda suke ba, ƙila ma an daina amfani da su. Bai bar mana dukiya ba, ba a kuma sa wa kowane titi sunansa ba. In na auna abin da ya rage, ɗabi'a ce kawai: mutum ya zaɓi abu ɗaya da zai iya, ya bi shi a natse, ya kuma dubi ranarsa da kyau kafin ta wuce.

Niyyarsa ta ƙarshe ma ni na rubuta. Jikinsa ya yi rauni a lokacin, na zaci zai ambaci aikin hajji. Sai ya ce, "Rubuta: bana Binta za ta fara nata littafin."

Na ce, "Wannan ai ba taka ba ce, Malam."

Ya ce, "Tawa ce. Ke dai rubuta."

Bai kai ƙarshen shekarar ba. Na yi takaba, na fita, na sayi littafi a kasuwa, na daɗe ina kallon farar takarda ina jiran wanda zai zaɓa mini kalmomi. Da na ga ba mai zuwa, sai na yi bisimilla na fara. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka makwancinsa.