Babur ɗin Surukina

Ina da shekara ashirin da shida surukina ya turo babur ɗinsa bakin rumfata. 'Yan shekaru ne kafin a ba mu mulkin kai. Ni mai gyaran keke ne a unguwar Gwale. Na iya faci, na iya ɗaure waya, na iya miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe a kan gungume. Babur kuwa, abin da na sani a kansa bai wuce wanke fulogi da ɗame sarƙa ba, domin a cikin birni a lokacin ba kowace unguwa ce take da shi ba.

Surukina mai fataucin fata ne. Kakanninsa daga Barno suka zo suka zauna a unguwar Zaitawa, shi kuma ya tashi yana bin kasuwannin ƙauye yana sayen fatun awaki. Dogo ne, ba shi da yawan magana. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In na hango shi a lungu sai in canza hanya, in kuma ba hanyar canzawa sai in tuɓe takalmi in durƙusa har ya wuce.

Babur ɗin tsohon na soja ne. Bayansa ba sifirin ko ɗaya, ƙarfe ne ya sauko kai tsaye ya kama taya. Gabansa kuma wasu ƙarafa ne masu kama da almakashi, da sifirin guda a tsakiya. Duk ramin da taya ta faɗa, a ƙugun mai tuƙi yake ƙarewa. Matata ta taɓa gaya mini cewa ran da mahaifinta ya dawo daga kasuwa, a zaune yake sallar magariba.

A bayan babur ɗin ya ɗauro wani akwatin katako daga wani kanti na waje. Ya kwance ya ajiye a gabana. Na buɗe, na tarar da shokazoba biyu na baya masu shanye girgiza, da wasu dogayen bututu biyu masu ƙyalli na gaba, waɗanda suke shigewa cikin juna in an danna su. An naɗe su da takarda mai maiƙo. Akwai kuma wata takarda mai zane da rubutun Turanci.

Ya ce, "An ce waɗannan ake sa wa na zamani. Ka sa mini."

A raina na shirya amsa tsaf: Baba, wannan aikin ya fi ƙarfina, a kai wa masu gyaran mota. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, Baba."

"Ranar Laraba zan je kasuwa da shi."

"Allah ya kai mu, Baba."

Ban iya karatun boko ba, sai na yini ina kallon zanen. Kafin la'asar na gane inda matsalar take: ba za a iya sa shokazoba ba sai an yanke ƙarfen bayan babur ɗin gaba ɗaya, a yi masa sabon hannu mai hawa da sauka. Na tura shi har bayan ganuwa wurin wani mai walda, tsohon soja ne da ya koyo aikin a bariki. Ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya dube ni.

"Malam, ka san in an yanke ba komawa?"

"Na sani."

"Na wa ne?"

Na gaya masa. Ya yi dariya kaɗan, ya miƙo mini zarto. "To kai za ka yanka da hannunka. Ni liƙi ne nawa."

Har yau in na ji ƙarar zarto a kan ƙarfe sai haƙorana su yi tsami. Kwana biyu muka yi a kai. Da ya gama ya ɗauki guduma ya daki wurin liƙin da ƙarfinsa, ni kuwa na runtse ido. Liƙin bai motsa ba. Ya ce, "Nawa ba zai saki ba. Kai dai ka kula da naka."

Nawa shi ne gaba. Na cire tsofaffin ƙarafan, na zura sababbin bututun, na zuba musu mai, na mayar da taya. Akwai wani ƙarfe da yake ratsa tsakiyar tayar gaba ya riƙe ta a jikin bututun nan biyu. A ƙarshensa ana ɗaura noti, a bayan notin kuma akwai wata 'yar huda da ake zura ƙusa mai baki biyu, a ware bakin da filaya. Ƙusar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ita ce take hana notin warwarewa in babur yana girgiza. Na san haka sarai. Ba wanda zai ce ban sani ba.

A kwanakin nan ban ci abincin kirki ba. Matata ta ajiye mini tuwo, ta dawo ta same shi yadda ta bar shi. Ta ce, "Wai zazzaɓi ne?" Na ce gajiya ce.

Ranar Talata da yamma na gwada shi a gefen ganuwa. Na nufi rami da gangan, na ƙanƙame hannu ina jiran duka, sai na ji babur ɗin ya nutsa a hankali ya taso, kamar kwalekwale a kan ruwa. Wannan laushin ma tsoro ya ba ni, don na saba da ƙarfen da ba ya motsi. Abu ɗaya na lura, tayar gaba tana ɗan gogar gefe guda. Na ce da safe zan cire ta in ƙara mata wasa ɗaya, wato ɗan zoben ƙarfe.

Da asuba aka yi ruwa. Ina idar da salla na buɗe rumfa, na cire tayar, na zuba ƙananan kayan a gwangwanin madara. Na sa wasan, na mayar da taya, ina cikin ɗaura noti sai na ji sallama a bayana. Ban zaci zai zo da wuri haka ba. Na saki sifana na durƙusa. Ya amsa gaisuwata, ya zauna a kan bencina, ya fito da carbi. Bai ce in yi sauri ba. Amma ina jin idonsa a ƙeyata, sifana tana zamewa. Na ɗaure notin, na goge tanki da tsumma, na ja baya.

"An gama, Baba."

Ya danna gaban, ya ga ya nutsa ya taso. Ya gyaɗa kai. Ya tattare rigarsa, ya buga, ya tafi.

Na ji kamar an sauke mini dutse. Na sha koko, na yi facin keke biyu, har da raha da maƙwabcina mai ɗinki. Da hantsi na ɗauko gwangwanin madara zan zuba wasu ƙananan notuna, na ji wani abu ya yi ƙara a ciki. Na juye a tafin hannuna.

Ƙusar ce.

Na tsaya ina kallonta ina ƙoƙarin gaya wa kaina cewa wata ce daban, tsohuwa ce ta wani aikin. Sabuwa ce fil, da shatin filayata a bakinta. Kunnuwana suka toshe. Maɗinkin yana yi mini magana, ina ganin bakinsa na motsi ba na jin komai. Na jefa sifana da filaya a aljihu, na ɗauki keken wani da aka kawo gyara, ko rumfar ban rufe ba.

Ban san yadda na ratsa lungunan nan ba. Na tuna na watsa wa wani dattijo taɓo, ya bi ni da faɗa, ban waiwaya ba. A Ƙofar Dawanau na tambayi mai goron da yake zama a gindin ƙofa.

"Malam, mai babur ya wuce?"

"Tun ɗazu. Yau kam kamar ba ya taɓa ƙasa."

Hanyar ta ƙasa ce, mai gargada, ruwan asuba ya jiƙa ta. Sawun tayarsa yana kwance a kai ɓaro-ɓaro, don ba wani babur da ya bi bayansa. Na bi shi ina taka keke a tsaye. Gero ya kai ƙugu dama da hagu. Ina tafe ina lissafin girgiza: kowane tudu notin ya juya kaɗan, kowane rami ya ƙara. Na roƙi Allah ya sa mai ya ƙare masa, ko taya ta yi faci, ko wani ya tsayar da shi da dogon surutu. Na karanta duk abin da na haddace, na koma farko, na rikice a tsakiya.

Sawun ya daɗe a miƙe kamar an ja zare. Bayan na wuce wata tsamiya sai na ga ya fara ɗan karkacewa. Na ce ko rami yake kaucewa. Ba rami a wurin. Can gaba ya koma kamar sawun maciji. Na ci gaba da takawa.

A gangaren wani rafi na same shi. Babur ɗin yana kwance a yashi, tayar gaba ta fita daga gefe guda ta maƙale a karkace, warin fetur ya cika wurin. Ga takalminsa ɗaya. Ga jini kaɗan a kan yashi. Shi babu shi.

Na durƙusa a wurin, na kasa kiran kowa. Abin da yake yawo a kaina shi ne da wane baki zan shiga gida, da wane baki zan gaya wa matata.

Wani manomi ya leƙo daga gona da fartanya a kafaɗa. "Kai ɗansa ne?"

"Yana da rai?"

"Yana magana. Mun kai shi gidan maɗori, ga shi can bayan rumbuna."

A zaure na same shi, an jingina shi da bango. Gefen fuskarsa ya ɗaye, rawaninsa ya warware, hannunsa na hagu ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Mutane huɗu ko biyar suna tsaye, maɗorin yana fere tsinken kara. Na ji surukina yana ce musu, "Yashin gangaren nan ne ya kwashe ni. Na shigo da gudu."

Da na yi shiru, da maganar ta tsaya a nan. Na san haka a lokacin, kuma ba zan ɓoye ba, na so in yi shirun. Na durƙusa a gabansa, na buɗe tafin hannuna. Ƙusar ta yi mini shati saboda matsa.

"Baba, ba yashi ba ne. Wannan ce ban sa ba. Ita take riƙe tayar."

Ya dubi ƙusar, ya daɗe yana dubanta. Ina jiran ya ce a kai ni gaban alƙali, ko ya ce in aiko masa da 'yarsa. Sai maɗorin ya ce yana son mai ƙarfi ya riƙe shi.

Surukina ya ce, "Shi zai riƙe."

Na zagaya bayansa na rungume ƙirjinsa. Ban taɓa taɓa jikinsa ba sai ranar. Ashe ba shi da nauyi, ƙasusuwa ne a cikin babbar riga. Da maɗorin ya ja hannun, bai yi ihu ba, salati ya yi da wata murya da ban san yana da ita ba, gumin wuyansa ya jiƙa mini fuska. Na ji ƙashin ya koma, na ji shi a cikin haƙarƙarina.

Da aka gama ɗauri ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Je ka janye babur ɗin daga rafi kafin ruwa ya sauko."

A kan jaki aka mayar da shi birni. Ni na ɗaure tayar da waya na turo babur ɗin a ƙafa, manomin ya biyo ni da keken. A Zaitawa duk wanda ya zo dubiya, yashi ake gaya masa. Ni da bakina na gaya wa matata gaskiya. Ta ɗauki mayafi ta tafi jinya. Kwana tara ta yi. Kullum in na ji sallama a ƙofar gida sai in ce ga saƙon raba aure ya zo. Rana ta goma ta dawo da kwanon dambu, ta ce Baba ya ce a gyara babur.

Na gyara. Na sa sabon noti, na zura ƙusa, na ware bakinta, na kira maɗinki ya duba, na kira mai walda ya duba. Hannun surukina ya warke, amma yatsunsa ba su ƙara iya matse kulocin babur ba. Ranar wata Laraba bayan kaka ya zo rumfa, ya tsaya.

"Kai za ka tuƙa."

Ya hau bayana, ya dafa kafaɗata da hannunsa mai lafiya. Muka fita ta Ƙofar Dawanau ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Idona yana kan tayar gaba, duk ƙarar da na ji sai in taka birki. Sau uku ina tsayawa in sauka in taɓa notin. A na ukun ya ce, "Haka za mu yi har kasuwa ta watse?" Da muka iso gangaren rafin na so in sauka in tura, ya matsa kafaɗata, na wuce.

A kasuwa ya sauka, ya miƙe tsaye sosai, ya nufi rumfar fata yana gaisawa da mutane. Ni na kafe babur, na zagaya bayan wata bukka, na yi amai har sai da cikina ya ƙulle. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta miƙo mini ruwa a ludayi. Ta ce, "Ɗan nan, ba ka saba hawa ba ne?"

Na ce mata eh, ban saba ba. Na kurkure baki, na koma na taya shi ɗaure fatu.