Gaisuwar Mahauta da Kwalabena Uku

Ana sallame sallar asuba muka bar Zariya, ni da direba, da akwatin ƙanƙara a kujerar baya. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne. Shugabana ya aike ni kudu in ɗebo hantar shanun da suka sha doguwar tafiya a tirela, don mu ga abin da wahala ke yi wa sinadaran fosfet na jikinsu. Ya kuma faɗa mini ƙarara: in na dawo da abin kirki ni zai tura kwas, in ba haka ba akwai wani a layi.

Matsalar aikin ɗaya ce. Da an yanka dabba waɗannan sinadarai ke fara wargajewa, saboda haka dole a ciro yanki kamar kan yatsa nan take, a jefa cikin ruwan asid mai sanyi. Kwalba uku gare ni, kowane gari ɗaya.

Daga Makurɗi zuwa Inugu ba ka ganin komai sai tirelolin siminti da sababbin motoci. Kuɗin mai ya shigo, kowa gini yake yi, ko da yake har yanzu akwai bangayen da ke ɗauke da ramukan harsashi. Muka sauka a unguwar Uwani ta Inugu, gidan wani dillalin shanu, aka ba mu okpa, wato alalen gurjiya, na ci har na ji kunya. Da safe a mayanka sarkin pawa ya riƙe hannuna. Ya gajiya, ya iyali, ya damina a arewa, ya mutanen Zazzau ɗaya bayan ɗaya. Ina satar kallon agogo, sa kuwa tuni an yanka shi. Kafin hanta ta iso hannuna an fi rabin awa. Na jefa ta a kwalba raina a ɓace.

A Anacha cunkoson motoci a mahaɗar Upper Iweka ya cinye mana yini, ƙanƙara ta narke, sai da na saya wurin masu kifi da tsadar da ba zan faɗa ba. Nan na yi wayo, wai ni mai sauri: sallama kawai na yi na faɗi buƙatata. Mahautan suka ɗauka kunya ce ta sa nake roƙon ɗan mitsitsin nama. Suka zaunar da ni, suka zaɓo rabin hanta, suka wanke ta tas, suka naɗe a ganye. Godiya na yi, me zan ce? Na gutsuri yanki na jefa a kwalba ta biyu, ko da yake lokaci ya riga ya wuce.

Saura kwalba ɗaya, kuma gaskiya tsoro ya kama ni. Muna isa Fatakwal da la'asar na nemi gidan sarkin pawa, wani dattijo siriri. Na cire agogon na sa a aljihu. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare don kanta. Ya ba ni labarin yadda ya gudu lokacin yaƙin basasa, ya dawo ya tarar da wani a rumfarsa, ya sake farawa da wuƙa ɗaya. Sannan na yi masa bayanin aikina. Sharaɗi ɗaya ya kafa, ba mai taɓa dabba sai ta daina motsi.

Washegari a mayanka ya zo ya wuce ni kamar bai san ni ba. Sa na yin shiru ya tsuguna da kansa, ya farke ciki, ya ciro yankin hanta, ya jefa a kwalbata. Sai da ya wanke hannu ya juyo.

"Ka yafe ni, malam," in ji shi. "Tunda nake ban taɓa wuce baƙo ban gaishe shi ba. To, ina kwana?"

Kwana biyu muka yi a hanyar dawowa, muna tsayawa neman ƙanƙara. Na niƙa kowane yanki, na tace, na ɗiga a takarda, na tsoma gefenta a ruwan magani ya hau yana rarraba sinadaran, na fesa wani ruwa mai fito da launi. Na Inugu da na Anacha tabo ɗaya kowanne ya bayar, komai ya riga ya wargaje. Na Fatakwal kuwa tabo huɗu shuɗaye, kowanne a wurinsa. Shugabana ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in je in ɗauki hoton fasfo na takardun kwas.

Na tafi ina ganin gaisuwa ce ke ɓata mini aiki, ashe ni ne ban ba ta lokacinta ba. A rahoton an rubuta sunana da na shugabana. Na nemi a sa na dattijon, aka ce babu gurbin mahauci.