Hoton Sandar Awo

Ku da kuka shigo sana'ar hoto yanzu, ku saurara. Har gobe ban manta da safiyar da Baba Sale ya zo shagona a Kura, hularsa a karkace, ya zauna a kan benci bai ko yi sallama ba.

Baba Sale shi ke riƙe da makullin ƙofar ruwa ta wani reshen kanal da ya miƙa wajen Bunkure. A bakin ƙofar akwai sandar awo mai lambobi, a kafe cikin ruwa. Ƙa'ida ita ce ranar rabon manoman ƙarshen layi ya buɗe har ruwa ya kai lamba ta shida. Ni kuwa ƙungiyar manoman ta ɗauke ni in riƙa ɗaukar hoton sandar duk ranar rabo, saboda gardama ta ishe su.

A wannan ranin tumatirin 'yan ƙarshen layi ya fara yaushi. Suka ce Baba Sale ne ya rage musu ruwa ranar Talata. Shugaban ƙungiya ya ce a kawo hoto ranar Asabar, in babu shaida a karɓe makulli.

Na buɗe hoton Talatar a kwamfuta. Na makara ran nan, rana ta riga ta hau, ta daki ruwa ta haske sandar fari fat. Gefen kanal kuma, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, baƙi ƙirin.

Baba Sale ya leƙa ya ce, "Habu, wannan hoto ne ko farin ƙyalle?"

Na ce, "Baba, rana ce."

Ya ce, "Ranar ce za ta je gaban shugaba ta rantse mini?"

To, ita kyamarar tawa ta hannu na saya, kuma tana da wani hali. Duk hoto ɗaya sai ta haifi biyu: ƙarami mai buɗewa, da wani ƙato mai cin wuri wanda manhajar gyaran hotona ba ta san shi ba. In na danna sai ta yi wani Turanci ta rufe. Na ɗauka cuta ce, duk ranar da na ɗauka nake share su. Wannan makon ganda ce ta hana ni. Na zauna ina kallon ƙaton na Talata, na ce me ke cikinsa da ya fi ɗan'uwansa nauyi haka? Buhu ba ya nauyi a banza.

Washegari na kwafi ƙaton na hau mota zuwa Kano, wurin wata Hajiya Binta mai gyaran hotunan biki. Da ta ji ina share su sai ta ajiye shayinta.

Ta ce, "Malam, a Kura kake ko? In an ba ka dafaffiyar shinkafa da buhun shanshera, wanne za ka zubar?"

Na ce, "Hajiya, ba mahaukaci ba ne ni."

Ta ce, "Ai kuwa shansherar kake zubarwa."

Ta yi mini bayani. Ƙaramin, kyamara ce ta dafa shi da kanta, ta zubar da abin da ta ga bai da amfani. Ƙaton shi ake kira RAW, wato ɗanyen hoto, duk hasken da ya shiga yana nan. Sai dai kowane kamfanin kyamara da irin ɗaurin buhunsa, manhajar da ba a koya wa wannan ɗaurin ba ba za ta kwance shi ba. Tawa ta girmi kyamarar, shi ke nan laifinta. Na tambaye ta me ya hana su haɗa kai su yi ɗauri ɗaya. Ta ce in fara haɗa kan manoman kanal tukuna.

Ta buɗe ƙaton na Talata a tata manhajar, ta ja wani ɗan layi hagu. Ina kallo farin ya fara janyewa kamar kumfa, lambobi suka fito. Ruwa na kan shida daidai.

Da na yi shiru a nan, da na huta. Amma son sani ya sa na ce, "Baƙin nan fa, shi ma yana tashi?"

Ta ja wani layin dama. Ƙarƙashin darbejiya sai ga injin ban-ruwa, mesarsa a cikin kanal, ƙasa kaɗan da ƙofa. A jikin mesar akwai facin robar taya. Ni na ɗaure facin nan da hannuna. Injin ƙanina Ado ne.

Hajiya ta ce, "In yanke gefen?"

Na auna abin a raina. In an yanke, za a ce ruwa ya kai shida amma bai isa ƙarshe ba, kenan tsoho ya rufe bayan na tafi. Na ce ta wanke shi yadda yake.

Ranar Asabar shugaba ya duba hoton, ya miƙa wa na kusa da shi, ya zagaya har hannun Ado. Ado ya ce, "Yaya, ai da ka bar inuwar nan." Makulli ya zauna a aljihun Baba Sale. Ado kuwa bai sake gaishe ni ba sai da aka cire albasa.

Na sabunta manhajata, kuma ban ƙara share ɗanyen hoto ba. Abin da na'urarka ta kasa buɗewa ba shara ba ne, naka sanin ne bai kai ba. Amma kafin ka ce a tashi inuwa, ka tabbata za ka iya kallon wanda ke zaune a cikinta.