Keken Mamaci a Bayan Sabuwa

Firiwil ɗin kekena ya mutu tsakanin Sheme da Daudawa, ina ɗauke da garwa biyu ta kananzir. Na taka feda, feda ta juya, tayar baya ba ta bi ta ba. Na sauka na tura shi har gida.

Firiwil shi ne ɗan ƙarfen nan mai haƙora da ke jikin tayar baya, wanda sarƙa ke ja. A cikinsa akwai wasu 'yan harsuna guda biyu. In ka taka, su kama, taya ta tafi. In ka tsaida ƙafa, su saki, keke ya ci gaba da gudu kana hutawa. Nawa harsunan sun cinye, haƙoran waje kuma sun yi tsini kamar ƙayar aduwa.

Da keken nan nake ci. Ina sarin kananzir da gishiri a Ƙanƙara, in shiga da su ƙauyukan da mota ba ta zuwa, har wajen Faskari. Da ƙafa ba zan iya ba. Tun ina saurayi na faɗo daga kan lodin auduga, cinyar hagu ta karye, da mai ɗori ya haɗa ta sai ta ɗan gajarce. Feda nakan taka ta wuni guda. Tafiyar ƙasa da kaya kuwa, ko zango ɗaya ba na kaiwa.

Keken na ubana ne. Daga wajen Maraɗi ya zo da shi, can ƙasar Faransa kamar yadda muke cewa a lokacin. Yana da ƙarfi, amma ƙarfensa ba irin na kekunan nan ba ne. A da fatake kan sauko da kayansa jefi-jefi. Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, babura da sababbin kekuna suka cika kasuwa, fataken suka daina ɗauko abin da ba mai tambaya.

Ran kasuwar Ƙanƙara na cire tayar, na kai wa wani tsoho mai gyaran keke da ke zama ƙarƙashin durumi.

Na ce, "Baba, a duba mani wannan."

Ya jujjuya ta, ya ce, "Wannan ai ba dubawa yake so ba. Likkafani yake so."

Ya cire mataccen, ya ɗauko sababbi ukku daga akwatinsa. Kowanne ya ɗaura sai ya shiga zagaye ɗaya da rabi ya cije.

Na ce, "Matsa shi da ƙarfi, Baba."

"In na matsa, ya cinye tiredi, zanen nan da ke jikin cibiyar tayar, ka rasa firiwil ka rasa taya. Zanen da wannan ke bi daban, na wancan daban. Keken ubanka Bafaranshe ne, ɗan nan. Sai ɗan'uwansa."

"Ina zan samu ɗan'uwansa?"

"Da na sani da na gaya maka. Ka sayi sabo kamar kowa mana."

Ba ni da halin sabo. Ko da ina da shi, na ga yadda suke lanƙwashewa in an aza masu garwa biyu.

Kasuwa ukku na yi ina yawo a bayan manyan motoci, tayar tana rataye a kafaɗata. Ƙanƙara, Sheme, Faskari. Duk mai gyaran da na samu sai in tsuguna in tone tarkacensa. Wani ya bar ni, wani ya kore ni. A Faskari wani ya tambaye ni ko sauran keken ɓarayi suka ɗauke suka rage mani wannan. Na yi gaba.

A Sheme ne wani mai koren shanu ya tsaya ya ƙura wa tayar ido. Ya ce ya taɓa kwana a wani zaure, a ƙauye bayan Sabuwa, ya ga keke mai irin wannan cibiyar a rataye. Ya faɗa mani sunan ƙauyen da gidan.

Sabuwa ba kusa ba ce. Mota biyu na canza, ragowar hanyar wani mai amalanke ya rage mani. Da na isa gidan na tarar da tabarmi a ƙofa da mutane zaune. Mai keken ya rasu, kwanansa goma sha wani abu. Na jingine tayar a bayan katanga, na shiga na yi gaisuwa kamar wanda ya san shi. Ana addu'a ina kallon sama. Keken yana nan rataye a jikin azara, ƙura ta rufe shi. Irin nawa ne sak.

Ban ɗauko zancen keken ba ranar. Suka ba ni tuwo da wurin kwana. Da safe, bayan an sha koko, na keɓe da babban ɗan mamacin, mutum mai furfura kaɗan a gemu, wanda ya girme ni. Na nuna mashi tayata, na gaya mashi abin da ya kawo ni da yadda ƙafata take.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Malam, keken nan ba nawa ba ne. Ba na kowa ba ne tukuna."

"Ba duka nake so ba. Ɗan ƙarfen baya kaɗai."

"Ko noti ɗaya ne, gado ne. Ba a raba ba. Ƙanena yana Ikko wajen sauke siminti, mun aika mashi, bai zo ba. Sai ya zo."

"Yaushe zai zo?"

"Ka san mutanen da suka je can."

"To a ba ni aro. Ran rabo in dawo da shi."

"Akwai ƙanana a cikinmu, wasu ko kaciya ba a yi masu ba. Wa zai ba ka aron kayan maraya? Ni?"

Muka je wajen limamin garin. Abin da ya faɗa ke nan shi ma. Abu ɗaya suka yarda mani, aka sauko da keken na duba. Na ɗaga bayansa na juya feda, na saki. Taya ta yi ta gudu tana ƙas-ƙas-ƙas, harsunan lafiya lau. Na roƙi a kwance firiwil ɗin in gwada a tayata, in gani ko zai shiga, a maida. Ya ce a'a. Aka maida keken sama.

Da zai raka ni ya ce, "In an raba zan neme ka. Ina ne gidanku?" Na kwatanta mashi. Ban ɗauka zai zo ba.

Na dawo na tarar an fara yankan dawa. Lokacin kaka ne mutanen ƙauye ke da abin hannu, abin da na samu a watannin nan shi ke kai gidana har damina. Kuma wani mai babur ya fara leƙa ƙauyukana da jarkoki. In na rasa kakar nan, na rasa su.

Ina da taubashi maƙeri a Daudawa, ɗan ƙanwar ubana. Na kai mashi tayar da mataccen firiwil.

Ya ce, "Gurgu, har yanzu kana ɗauke da gawar nan?"

"Kai dai ka san abin da za ka yi mata, mai baƙin hanci."

Ya duba ya ce harshe irin wannan ba zai ƙeru a maƙerarsa ba, ƙarfensa ba zai jure ba. Abin da zai iya shi ne ya gyara haƙoran da magagari, ya cusa ƙarfe a ciki ya daddage shi ya zama dunƙule ɗaya.

"Amma ka ji. Daga yau in taya na juyawa, feda na juyawa. Ba hutu. Ko gangara ce, ko mi."

"Na ji."

"Ba ka ji ba. Shekara nawa ƙafarka ta saba tsayawa a gangara? Ita za ka gaya mawa, ba ni ba. Ka jira mutanen Sabuwa."

"Su ciyar da gidana kafin nan?"

Ya hura wuta, ya yi aikin.

Kwana ashirin da wani abu na yi a kan keken. A miƙaƙƙiyar hanya ba laifi, sai dai gajiya. In na zo gangara sai in ɗauke ƙafafu duka biyu in ware su, in riƙe birki, feda na ta juyawa ita kaɗai. Yara na dariya a bakin gari. Ciniki ya yi kyau a kwanakin.

Wata safiya na doshi gangaren wani rafi kafin Faskari, da garwa biyu da rabin buhun gishiri. Shanu suka fito daga cikin kara. Hankalina ya tafi kansu, ƙafata ta yi abin da ta saba, ta tsaya ƙyam a kan feda. Feda ta ɗaga ni ta yar. Keken da kayan suka faɗo a kan ƙafar hagu. Na ji ƙarar gwiwar da kunnena. Kananzir ya tsiyaye cikin yashi. Wasu masu yankan dawa suka ɗauke ni a kan ƙyauren ƙofa.

Wata huɗu na yi kwance. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ƙashi ya haɗe, amma gwiwar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Taubashina yakan zo da kwanon dawa ya aje, ya zauna ya tafi. Bai ƙara ce mani gurgu ba.

Gab da saukar ruwan farko aka yi sallama a ƙofa. Babban ɗan mamacin ne. Ya zaro ƙullin tsumma daga aljihu ya aje gabana. Ya ce ƙanensa ya dawo daga Ikko da sabon babur, an raba gado, keken ya faɗa rabon wata ƙanwarsu. Da ya gaya mata zancena ta ce a cire firiwil ɗin a kawo mani.

Na aika aka kira taubashina. Da kurfi da guduma ya fasa aikinsa na farko, a hankali don kada ya taɓa tiredin. Ya shafa mai, ya ɗaura na mamacin. Da hannu kawai ya shige har ƙarshe. Ya ɗaga tayar ya juya, ta yi ta gudu.

Baƙon ya kalli ƙafata a miƙe kan tabarma. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Da na ba ka tun ran nan."

Na ce, "Ran nan ba naka ba ne."

Ya kwana, ya koma.

Da na fara takawa da sanda na gwada hawa sau ɗaya a bayan gida. Ƙafar da ba ta lanƙwasuwa ba ta zagaya feda. Na sauka. Ƙauyukan kuwa mai babur ya riga ya gama da su, har waɗanda ni ban taɓa kaiwa ba. Keken na bar wa wani malamin allo na unguwarmu, ya hau shi shekaru masu yawa yana zuwa gona.

Yanzu ina Sheme, a bakin titi. Ina da tebur da rumfar kwano. Gishiri, ashana, sabulu, kananzir a kwalba in an samu. Ina zama kan benci daga hantsi zuwa la'asar, ƙafar a miƙe.