Ka Sauke Kaya, Baffa Khiem

Ranar Talata, 14 ga Maris, 2023, wadda ta yi daidai da 23 ga wata na biyu a lissafin wata, ina cikin aji da hantsi matarka, Gwaggo Sen, ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce, "Thoa, tsohon ya tafi." Haka labarin rasuwarka ya iske ni, Baffa. Dam Quang Khiem, tsohon direban soja, ya rasu a gidansa da ke Vinh yana da shekara saba'in da shida, bayan doguwar jinyar huhu. Na ajiye alli na zauna a kujerar wata ɗaliba.

Ba mu haɗa jini da kai ba. Ayari ɗaya kuka yi da mahaifina, Luyen, a zamanin yaƙi, kuna jan manyan motocin Zil masu ƙafa shida, kuna kai shinkafa da harsashi da magani kudu ta duwatsun Truong Son. Shi bai dawo ba. An haife ni wata huɗu bayan mutuwarsa, kuma takardar da aka kawo wa Mama ba ta faɗi ranar ba, ba ta faɗi inda yake kwance ba. Kai ka dawo da ɓarɓashin bam a bayan kunnenka na hagu, ka shigo gidanmu ka kunna turare gaban hotonsa, ka ce in riƙa kiranka Baffa. Shekara hamsin ina kiranka haka, kuma ba ka taɓa sa na ji sunan aro ne ba.

Mutanen da suka san ka a ƙarshen rayuwarka sun san ka ne da ƙananan motoci. Abin ya fara da wasa. Da ka yi ritaya ka addabi Gwaggo a madafa, sai ɗanku Vuong ya aiko maka da wani kwali daga Hanoi don ta samu ta sarara. A ciki akwai ɓangarorin roba sama da ɗari uku, waɗanda in an haɗa su da gam za su ba da motar Zil da ba ta wuce tafin hannu biyu ba, kashi ɗaya cikin talatin da biyar na ta gaske. Ina nan ranar. Ka dubi hoton da ke bayan kwalin, mota tsaf tana ƙyalli, ka yi tsaki ka ce, "Wannan amarya ce, ba mota ba. Ko laka ba ta taɓa gani ba."

Daga nan ka ture takardar bayanin gefe. Ka yanke manyan fitilun gaba, ka maƙala wata 'yar mitsitsiya a ƙarƙashin mota, irin wadda kuke gani da ita taku biyar kacal don kada jirgin sama ya hango ku. Ka fere gora siriri kamar tsinken sakace, ka ɗaura rumfa bisa kan direba, ka lulluɓe ta da ganye. Ka murje fentin matakala daidai inda takalmi ke takawa. Har jar ƙasa ka sa aka kawo maka daga can, ka tankaɗe ta ka shafa a tayoyi. Na sha zama a ɗakin nan naka mai warin gam da lofe, kofin koren shayi yana hucewa a hannuna, ina kallon waɗannan manyan yatsu da suka yi kokawa da sitiyari suna riƙe matsefata suna ɗaura ƙusar da ban iya gani sai na sa tabarau. Wallahi har yau ban san yadda kake yi ba.

Sau ɗaya abokanka suka matsa maka ka shiga gasa a Da Nang. Wani alƙali, mai ƙuruciya da ilimin littafi, ya duba motarka ya ce akwai kuskure, domin launin ƙofar dama bai yi daidai da na sauran jiki ba. Ka ce masa, "Ɗana, ai ƙofar ba tata ba ce. Mai ita ya mutu a mashigin ruwa, muka kwance muka ɗaura wa wannan. Rage makinka yadda ka ga dama, amma kada ka taɓa ƙofar nan." Waɗanda ke wurin sun ce alƙalin ya ajiye bironsa. Ba ka ci gasar ba, ba ka kuma sake zuwa ba.

Ƙa'idarka ɗaya ce: ba ka sa abin da idonka bai gani ba. Kuma ba don ado kake yi ba. Direba ashirin da uku suka mutu a ayarinku, kowannensu ka haɗa masa motarsa, da lambarta, da loɓawarta, da ramukan harsashinta, ka kai wa iyalinsa da kanka su ajiye a teburin turare kusa da hotonsa. Wanda aka san kabarinsa, kakan zaunar da ɗan direba a ciki ka manne ƙofa. Wanda ba a gano ba, kakan bar kujera babu kowa, ƙofa a buɗe. Wata tsohuwa a Ha Tinh ta gaya mini ta gane motar ɗan'uwanta tun kafin ka buɗe baki, saboda tukunyar da ke rataye a bayanta. Gida ashirin da biyu suka samu tasu. Mu ne kaɗai ba mu samu ba.

A nan ne zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ko da zai tona mini asiri.

Mahaifina yana da kabari a ƙauyenmu, amma kabarin iska ne, babu kowa a ciki. Mama ta rantse ba za a kwantar da ita kusa da ramin banza ba, sai an kawo mata mijinta. Kai ne ka binne shi da hannunka a 1971, domin motarka ce ke bin tasa lokacin da bam ya same ta. Ka naɗe shi a ledar ruwa, ka rubuta sunansa a takarda ka cusa a kwalbar allura, ka sa masa a aljihu kamar yadda kuka saba. Mako biyu bayan haka ɓarɓashin nan ya shiga kanka ya dagula lissafi. Abin da ya rage maka shi ne: an ƙetare rafi, an ɗan taɓa tafiya, ga dutse mai tsaguwa biyu a hannun hagu. Sau uku ka ja mu zuwa can, muka ƙetare rafin muka tona hagu har hannu ya yi kanta, muka dawo da ƙasa a farce.

A 2015 ka fara motar mahaifina, ka ce wannan karon har da ƙasar da ta tsaya a kai za ka gina, da rafin da dutsen, domin hannunka ya fi kanka tuna abu. Shekara ta bi shekara. Ka gina dutsen ka rushe ya fi sau goma. Ana cikin haka ɓarin jikin Mama ya shanye, likita ya ce mu riƙa shiri. Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba, ɗalibaina shaida ne. Na zo na tsaya a ƙofar ɗakinka ko takalmi ban cire ba.

Na ce, "Baffa, shekara shida kana wasa da gam! Ka gama mana ita haka nan mana, ko Mama ta ga wani abu da idonta kafin ta tafi. Wa zai san dutsen na dama ne ko na hagu?"

Ba ka ɗago kai ba. Ka ce, "Ni zan sani. Malama, ke da kike jan jar biro kan yaran mutane, yau ke ce ke cewa a yi satar amsa? In na sa dutse inda babu dutse, gobe za ku je ku tono uban wani."

Na fita na buga maka ƙofa, na yi wata biyar ban taka gidanka ba. Duk da haka kowane ƙarshen mako sai ka hau tsohon kekenka ka kai wa Mama kunun shinkafa da kifi, ka zauna kana ba ta da cokali. In na shigo sai ka ce, "Ga shugabar makaranta nan, bari in gyara zama." Ina jin kunyar watannin nan har yanzu, kuma ban taɓa ba ka haƙuri da bakina ba.

Wata safiya a watan Oktoban bara ka kira ni, ka ce in zo yanzu. Na tarar da kai gaban motar, ga ƙananan buhuna da ka ɗinka da ƙyallen tsohon kakinka jere a gefe. Al'adarka ce in za ka loda wa mota kaya, sai ka ɗumama sifirin ɗinta ka lanƙwasa, don ta zauna ƙasa kamar yadda mota mai nauyi ke zama. Ka ce ka kunna kyandir, ka kai sifirin kusa da wuta, sai hannunka ya ƙi. Sau uku kana kaiwa yana dawowa. Can sai ka ga motar Luyen a gabanka kamar yau, tana tsalle a kan duwatsu, tamfol yana kaɗawa, ƙyauren baya yana bugawa, kai kuma kana dariya kana cewa ta fi mai ita iya rawa.

Ka kama hannuna ka ce, "Thoa, mota mai tan huɗu a baya ba ta tsalle. Babu kaya a cikinta. Ba tafiya muke ba ranar, dawowa muke!"

Ban gane ba sai da ka ɗaga motar ka juya hancinta arewa. Sau ukun nan duka daga arewa muka fito, muka ƙetare rafi, muka tona a gaɓar kudu. Alhali ku daga kudu kuka fito, kun sauke kaya kuna komawa. Mahaifina yana gaɓar da muke ajiye jakunkunanmu mu ci abinci. Abin da kai ya ɓatar shekara hamsin, yatsu sun riƙe shi, kuma da ka bi maganata ka manne buhunan nan, da ya tafi ke nan har abada.

Kafin Fabrairu ciwo ya kwantar da kai, don haka ni da Vuong muka tafi da wasu tsofaffin sojoji uku. Kwana biyu ina rungume da akwatin motar a cinyata. Hanya ta sauya, daji ya rufe komai, amma a wani ƙauye kusa da rafin muka buɗe akwatin, mutane suka taru. Wata tsohuwa mai lofe a baki ta sunkuya ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa kan dutsenka ta ce, "Wannan ai bayan gonar rogon jikana yake. Wa ya rage masa girma haka?" Ta kai mu. Ƙasa ta cinye rabinsa, amma tsaguwar nan biyu tana nan yadda ka sassaƙa ta. A rana ta uku shebur ya taɓa leda. Da muka buɗe kwalbar, takardar ta yi ja amma tana karantuwa: sunansa, ƙauyensa, da ranar da ya mutu. Rubutunka ne, na gane shi nan take, shi ne a kan kowane katin sabuwar shekara da na taɓa samu.

Mun kawo shi gida naɗe da tuta. Mama ta ɗora hannunta mai lafiya a kan akwatin ƙasusuwansa ta ce, "Ka daɗe." An buɗe kabarin iska aka sa masa mai shi, kuma karon farko mun san ranar da za mu riƙa dafa masa abincin tunawa kowace shekara.

Washegari na kai maka motar har gado. Ka sa Gwaggo ta miƙo wani kwalin ashana daga aljihun tebur. A ciki ga ɗan direba kwance a auduga, da tawul a wuya kamar yadda Mama ta ce yana yi. Tun 2015 ka fenta shi. Ka ɗauki matsefata, hannu ya ƙi tsayawa, sai ka miƙo mini ka riƙe wuyan hannuna. Ka ce, "Zaunar da shi, Malama. Kada ki cika gam, ba kunu ba ne." Na zaunar da mahaifina a bayan sitiyari, muka tura ƙofar tare har ta rufe. Kwana tara bayan haka ka rasu.

Ranar jana'izarka ba wanda ya shirya abin da ya faru. Iyalan nan suka riƙa isowa daga Thanh Hoa da Ha Tinh da Nam Dinh, kowa da farin ƙyalle a ka, kowa rungume da motarsa da ya sauko da ita daga teburin turare. Aka jera su a ƙasa gaban akwatinka, ɗaya bayan ɗaya, har ashirin da uku, takwas a cikinsu ƙofa a buɗe. Masu ganga suka yi shiru. Tsofaffin sojoji suka miƙe suka sara. Aka turo Mama a kekenta har gaba, ita da magana ke yi wa wuya, ta dubi hotonka ta ce, "Khiem, kaya sun iso lafiya. Kashe injin ka huta."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo Sen, wadda ta yi shekara da shekaru tana share ɓarɓashin roba ba ta taɓa zubar da ko ƙusa ɗaya ba, da Vuong da matarsa da 'ya'yansu, da sauran 'yan ayarin da suka rage. Ubangiji ya ba ku haƙurin wannan rashi. Gwaggo ta damƙa mini kwalin ashana takwas da ka bari, kowanne da ɗan direba a ciki da suna a bayansa, kuma na karɓa.

Baffa, ka yafe mini ƙofar da na buga maka. Ubangiji ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, ya haskaka maka hanya da fitilar da ta fi taku biyar. Ka gaida Luyen, ka gaya masa 'yarsa ce ta rufe masa ƙofa.