Haƙora Tara da Tudun Kona

Lokacin da aka ba mu jiha, Jalingo ta zama babban birni, duk wanda ya iya riƙe biro ya zama ma'aikacin gwamnati. Ni ma na zama. Aikina ɗauke fayil daga wannan tebur in ajiye a wancan, amma in ka ji ni ina ba da labari da yamma a ƙofar gidanmu a unguwar Barade, sai ka rantse makullin jihar a aljihuna yake kwana.

Babban mutum irina ai bai kamata a gan shi yana zuwa ofis a ƙafa ba. Baba ne ya fara gajiya da ƙorafina. Ya sayar da bijiminsa na ƙarshe, wani fari da yake kira da suna kamar ɗansa, ya ce in sayi babur.

"Ka je aikinka da shi Litinin zuwa Juma'a," in ji shi. "Asabar tawa ce. Ka kai ni gona."

Sharaɗin ke nan, babu na biyu. Gonar tana bayan ƙauyen Kona, can saman tudu, kuma ita kaɗai ta rage masa tun da shanu suka ƙare. Gwiwarsa ta hagu kuwa wata saniya ta taɓa harbinta tun yana kiwo, da tsufa ya zo sai ta tuna masa. Tudun nan ya fi ƙarfinta. In bai samu mai hawa da shi ba, to shi da dawarsa sai labari.

Mai hankali zai sayi babur irin na masu kai buhu kasuwa. Ni da yake hankalina ya yi yawa, sai na sayo wani ja, irin na tsere, kwance a hannun wani ɗan kudu da aka yi wa canjin wurin aiki. Irin wanda in ka hau sai ka duƙa kamar mai ruku'u. Kujerar baya ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Baba ya zagaya shi sau biyu da sandarsa, ya ce, "Madalla. To ni a ina zan zauna, a kan fitila?"

Amma ya zauna. Duk daminar nan ya zauna. Ya tattare rigarsa a cinya, ya saƙale sanda a baya, ya kama kafaɗuna, mu haye tudun Kona babur na gurnani. Da mun isa sai ya sauka ya shiga cikin dawa yana taɓa ganye, yana yi mata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa. A gida ba na jin yana dariya. A can nake ji.

Wajen kaka sarƙa ta fara tsalle. Ka ja mai, ka ji ƙas-ƙas a baya kamar ana tauna tsakuwa. Na kai babur ɗin wurin wani makaniki a unguwar Mayo Gwoi, dattijo ɗan ƙabilar Mumuye, da ke aiki a ƙarƙashin mangwaro kusa da gada. Ya tsuguna, ya nuna mini faifan ƙarfen nan mai haƙora da sarƙa ke hawa a tayar baya, wanda suke kira siforoket. Haƙoran duk sun cinye sun lanƙwashe kamar ƙaya.

Ya shiga rumfarsa ya fito da sababbi biyu, babba da ƙarami. Yana da wata al'ada da duk masu babur na garin suka sani: ba ya zaɓa wa kowa. Sai ya ɗiga alli a haƙori ɗaya, ya sa ka ƙirga da yatsanka har ka dawo kan allin, don kada gobe ka zo ka ce ya cuce ka. Na ƙirga babban, arba'in da biyar, daidai da wanda ya mutu. Na ƙirga ƙaramin, talatin da shida.

"Wannan babba, ƙarfi ne," in ji shi da Hausarsa ta Jalingo. "Tudu, yashi, kaya, duk ya ja. Wannan ƙarami, gudu ne. Kwalta kawai ta sani. Oga, wa kake ɗauka?"

Tambayarsa ke nan ga kowa. Ba ya tambayar aikinka ko kuɗinka, sai wanda kake ɗauka.

To ga abin da ke cina a lokacin. Akwai wani abokin aikina a sashen albashi, mai baƙin babur, da ya wuce ni fuu a kan titin sakatariya ana tashi daga aiki, a gaban 'yan matan da ke buga tafireta. Har da ɗaga mini hannu, ɗan banza. Kwana uku ban ji daɗin tuwo ba. Ka ga kuwa wannan babbar musiba ce, dole a ajiye komai a magance ta.

Na ce, "Ba kowa. Ni kaɗai ne."

Ya ɗago ya dube ni. "Ba kai nake gani Asabar da wani baba a baya ba?"

"Ai ba shi da nauyi," na ce. "Kuma injin nan ka san doki nawa ne a cikinsa?"

"Ni ban ga doki ba, Oga. Na ga tudu."

Na ji haushi. Ni da takardar sakandare har da satifiket na koyon aikin ofis, mai baƙin mai a farce zai koya mini lissafi? Haƙora tara ne fa kawai bambancin. Tara! Na ce ya ɗaura ƙaramin. Ya kwance tayar baya. Ya rage tsawon sarƙa, ya ɗaure, ya goge hannu, ya jefa babban cikin rumfa.

Gaskiya ranar Alhamis na ci sarauta. Na wuce mai baƙin babur kamar yana tsaye, na ɗaga masa hannu har da kaɗa yatsu. 'Yan matan tafireta, da na waiga, ashe suna can suna cinikin gyaɗa, ko ɗaya ba ta gani ba. Ba komai, na ce, tarihi ya gani.

Asabar Baba ya riga ni shiri. Dawa ta fitar da kai, yana so ya ga ko ta isa yanka, ko tsuntsaye sun bar masa wani abu. Muka bi gari lafiya lau. Muka bar kwalta, babur ya fara tari a cikin yashi, na ce mai ne ba shi da kyau. Muka iso gindin tudu. Na sa giya ɗaya, na murɗa mai har ƙarshe. Ya hau kamar taku ashirin, ya yi kuka, ya yi rawa, ya mutu. Na sauko da mu da baya da ƙafafu. Na sake. Na sake kuma. A karo na uku wari ya tashi daga kulocin kamar an ƙona gashi.

Baba ya sauka a hankali. Bai tambaye ni abin da ya faru ba. Ya tsuguna da ƙyar a gefen tayar baya, ya dubi sabon faifan yana ƙyalli, ya daɗe yana dubawa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gane saniyarsa da sawun kofato, shi za a ɓoye wa an canza ƙarfe?

"Wancan ya fi wannan girma," ya ce.

"Eh, Baba. Wannan ya fi gudu."

"To. Useko." Godiya ce da Fillanci, kuma ban taɓa jin godiyar da ta yi mini zafi kamarta ba. "Kai hau, ɗan nan, kada mu kunyata babur ɗinka. Ni zan taka."

Na roƙe shi mu koma, in samo wani babur. Ya ce rana ta yi, kuma bai zo gindin tudu don ya gaida tudu ba. Ya zare sandarsa ya fara hawa. Ni kuma na biyo shi ina tura jan babur ɗina, sarkin titin sakatariya, gumi har cikin takalmi. Yakan yi taku goma ya tsaya ya dafa gwiwa. Ko sau ɗaya bai waigo ba. Wallahi da ya zage ni da na samu sauƙi.

Ya ga dawarsa. Ya taɓa ta, ya murza kai ɗaya a tafin hannu, ya ce saura mako biyu. Bai yi dariya ba ranar. Saukowa ta fi hawa wuya, kafin mu isa gida gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya.

Litinin da sassafe, kafin ofis, ina ƙarƙashin mangwaro. Makanikin ya gan ni, ya shiga rumfa ba tare da na ce komai ba, ya fito da babban. Ya ɗiga alli ya miƙo mini. Na ce na san adadinsa. Ya ce in ƙirga. Na ƙirga, arba'in da biyar.

"Wa kake ɗauka, Oga?"

"Babana."

Ya ɗaura, ya sa sabuwar sarƙa tunda waccan mun gutsure ta da wayona.

Asabar na goge babur, na ɗaura matashi a kujerar baya da igiya, abin da ban taɓa tunanin yi ba duk damina. Na shiga na ce, "Baba, na gyara. Yanzu ko buhu uku ne zai hau da su."

Yana zaune a kan tabarma, ƙafar a miƙe, an shafe ta da man shanu. Ya gwada lanƙwasa ta, ta ƙi. Ya jawo sandarsa, na zaci tashi zai yi, sai ya miƙo mini ita.

"Ka je ka duba mini dawar. In tsuntsaye sun sauka ka kore su. Ka dawo ka gaya mini yadda take."

Gwiwar ba ta sake lanƙwasuwa yadda zai hau babur ba, a kakar nan ko wadda ta biyo.

Na tafi. Na iso gindin tudun Kona, na sa giya biyu. Babur ya haye sumul, ko tari bai yi ba, makaniki ya yi gaskiya. Ina jin matashin yana kaɗawa a bayana har na kai sama.