Sandar Baffa a Tsakiyar Gona

Wanda Ya ba mu aron mahaifinmu, Malam Bubayero na rugar bayan Miga, Ya karɓi abinSa ranar Talata, 14 ga Agusta, 2001, bayan gajeriyar jinya. Ni 'yarsa Adawiyya ce ke wannan rubutu.

Baffa, ban manta dariyar da aka yi maka ba shekarar da ka shuka dawa cunkus, ka zuba mata takin yuriya, ka yanke ta ɗanya tun ba ta fid da kai ba. Aka ce ka zautu, kana saya wa shanu taki. Ka shanya ta, ka jibge bisa rumfa. Da rani ya tsananta maƙwabta suka kora shanunsu kudu, namu kuwa suna gida ana tatsa. Tun daga nan Inna ba ta sake kwana a daji ba. Cikin masu dariyar ma, babu wanda ya zo ka hana shi dami.

Abu ɗaya ne ba ka wasa da shi: gyauro, tohon da ke fitowa bayan yanka. Kakan ce idan ya sha taki ya yi shar, a lokacin yake kashe shanu. Shi ya sa kake kafa sandarka a tsakiyar gona, babu kiwo babu yanka sai dawa ta rufe ta.

Bana ka yi yankan fari, ka zuba taki na biyu, ka kafa sandar, sai ciwo ya kwantar da kai.

Ana zaman makoki Kawu Jaji ya ce a buɗe wa shanu shingen gonar, babu mai kai su kiwo, ga ɗanyen abinci a banza. Ban taɓa musa wa babba ba, amma ranar na tare ƙofar. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ina hango sandar Baffa." Har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata. Abin yana yi mini ciwo, amma zan jure. Gara mu yi ta yanko ciyawa a bakin hanya.

Allah Ya jiƙan ka, Ya ni'imta kabarinka, Ya sa abin da dabbobi suka ci daga hannunka ya zama sadaka gare ka. Ina yi wa Inna da Kawu da dukkan dangi ta'aziyya, Allah Ya ba mu dangana.

Yau da safe na leƙa gonar, kan sandarka kaɗai ya rage. Ranar da na daina ganin ta zan ɗauki lauje, ko da ina kuka.